Yadda Ake Maganin Mai Kwanton Ɓauna a Wasan Poka

A duk majalisar da ake buga poka a Kaduna, daga ta samarin Unguwar Rimi masu zama bayan sallar isha'i har zuwa ta 'yan Rigasa da suka fara koyon wasan a waya kafin su sayi kwalin karta, za ka tarar da mutum ɗaya da kowa ke shakka. Ba shi da hayaniya, ba ya cika ɗaga zubi. Ranar da katinsa ya fi kyau, ranar ya fi yin laƙwas. Zai bar ka ka yi ta zubawa kana ganin kai ne a sama, sai an kai kati na huɗu ko na biyar ya tashi ya kwashe duk abin da ka tara. Shi ne mai kwanton ɓauna, kuma shi ne ya fi sa sababbin 'yan wasa su ɗauka cewa poka sa'a ce zalla. Alhali yana da magani, maganin kuma ana koyonsa daki-daki.

Magana ɗaya tukuna. Duk lissafin da ke cikin wannan rubutu na maki ne. Mu da murfin kwalba da tsinken ashana muke bugawa, murfi maki goma, tsinke maki biyar, wasu kuma a manhajojin waya irin su Zynga Poker da ke ba da maki kyauta. Da zarar kuɗi ya shiga, wasa ya zama caca, hukuncin caca kuwa a fili yake a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida. Ban yarda kowa ya ɗauki abin da zan faɗa ya kai teburin kuɗi ba. Daɗin wasan nan yana cikin lissafi da karantar mutum, waɗannan biyun kuma ba sa bukatar ko sisi.

Salon da nake magana a kai shi ne Teksas Holdem. Kati 52 ne, a ba kowa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku a tare, wato buɗin farko, sai na huɗu, sai na biyar. Kowa da katunansa biyu da na tsakiya yake haɗa hannunsa. Idan layi ya zo kanka, ko ka wuce ba ka sa komai ba, ko ka zuba, ko ka bi zubin wani, ko ka ɗaga shi, ko ka kife katinka ka fita. Abin da aka tara a tsakiya shi ne tuli. Tagwaye biyu sun fi tagwaye ɗaya, 'yan uku sun fi su, jere, wato katuna biyar masu bin juna, ya fi 'yan uku, katuna biyar 'yan dangi ɗaya, wato masu alama iri ɗaya, sun fi jere, 'yan uku haɗe da tagwaye kuma sun fi dangi.

Abin da za ka riƙe tun daga nan shi ne, mai kwanton ɓauna ba ya gina tuli da hannunsa. Kai ne kake gina masa. Duk makin da ya kwasa, wani ne ya tura shi tsakiya da kansa, ba a tilasta shi ba. Saboda haka yawancin maganin yana wajen sanin lokacin da za ka janye hannu, da kuma lokacin da bai kamata tsoronsa ya hana ka zubawa ba.

Ka fara tabbatarwa shi ɗin ne

Mutum biyu ne suke kama da juna a teburi, sai ka lura sosai za ka raba su. Na farko mai kwanton ɓauna. Na biyu shi ne wanda ba ya iya kife kati, komai ka zuba sai ya bi, ko da tagwayen 4 ne a hannunsa. Dukansu suna wucewa, dukansu suna bi ba sa ɗagawa. Amma maganinsu kishiyar juna ne. Wanda ba ya kifewa, zuba masa za ka yi ta yi da duk hannun da ya yi ɗan kyau, domin zai biya ka har ƙarshe. Idan ka ɗauke shi a matsayin mai kwanto ka riƙa wucewa don tsoro, ka bar masa makin da naka ne.

Inda ake raba su shi ne lokacin da aka buɗe katuna a ƙarshen hannu. Kada ka tsaya ga wanda ya ci. Koma baya da tunaninka ka tambayi kanka: yaushe wannan hannu ya haɗu masa? A ce ya nuna 8-8, kuma akwai 8 a tsakiya tun buɗin farko, amma ya wuce, ya bi, ya sake wucewa, ya sake bi, bai ɗaga ba sai a kati na biyar. Wannan kwanto ne tsantsa. Idan kuwa 8 ɗin a kati na biyar ta faɗo, to bai ɓoye komai ba, katin ne ya zo masa a makare. Mutane da yawa suna haɗa waɗannan biyun, su laƙaba wa mutum sunan mai wayo alhali bi kawai yake yi.

Gani ɗaya bai isa ba, domin kowa yakan yi kwanto jefi-jefi. Ka jira ka gani sau biyu ko uku. Kuma mafi yawan wannan karatu a hannun da ba ka ciki ake yinsa. Yawancin samari da sun kife kati sai su ɗauki waya su shiga Facebook, ko su juya wajen mai shayi. Lokacin nan ne ya fi dacewa ka zuba ido, tun da babu makinka a tsakiya da zai ɗauke maka hankali.

Zauna a hagunsa

Layi daga dama zuwa hagu yake zagayawa, don haka wanda ke hagun mutum bayansa yake magana a mafi yawan hannaye. Idan akwai damar zaɓen wurin zama, zauna a hagunsa. Idan ya wuce, kai ma kana iya wucewa, a buɗe kati na gaba ba ka biya komai ba, kwanton nasa ya tashi a banza. Idan kuma kai ne ke magana kafinsa, rage yawan hannayen da kake shiga da su in yana ciki.

Kafin a buɗe komai

Akwai wata alama da ba ta cika ƙarya ba. Mutum yana cikin masu fara magana, ya bi zubin dole, wato makin da mutum biyu na hagun mai rabo ke sawa kafin a raba kati, kawai bai ɗaga ba, kamar wanda ba shi da komai. Kai ka ɗaga. Layi ya zagayo kansa, sai ya ɗaga a kan naka, ɗagawa mai nauyi. A hannun mai kwanton ɓauna wannan kusan kullum A-A ne ko K-K, wato tagwayen A ko na K (sarki), manyan katuna, waɗanda Q da J ke bi musu. A-A sau 1 cikin 221 take zuwa wa mutum, shi ya sa idan ta zo masa ba ya so kowa ya gudu.

A nan kada girman katinka ya ruɗe ka. Q-Q a gaban A-A ba ta cin ko sau 1 cikin 5. A-K da ba dangi ɗaya ba kuwa, a gaban A-A ko sau 1 cikin 10 ba ta ci. J-J, 10-10, A-Q, duk kifewa ce, ba tare da wani dogon tunani ba.

Amma akwai hannu ɗaya da ke juya masa tarkonsa, wato ƙananan tagwaye irin 5-5 ko 6-6. Mai tagwaye a hannu yana samun na ukunsu a buɗin farko kusan kashi 12 cikin 100, wato wajen sau 1 cikin 8 da rabi. Idan ta zo, mai A-A ba zai iya kifewa ba, zai biya ka duka. Sharaɗin shi ne makin da ya rage a gabansa da gabanka ya kai aƙalla ninki 15 na abin da za ka biya don ka bi. Idan za ka biya 60, ku duka biyun ku kasance da 900 ko fiye. Idan bai kai ba, kife. Idan ka bi kuma na ukun bai zo ba, kife nan take, ko da katunan tsakiya duk ƙanana ne.

Ƙirga kafin ka ji tsoro

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi kowanne muhimmanci. Wanda aka yi wa kwanto sau biyu a dare ɗaya yakan fara ganin 'yan uku a bayan kowace wucewa. Daga nan sai ya daina zubawa gaba ɗaya, asarar da zai yi ta wannan hanya kuma ta fi wadda kwanton ya jawo masa, sai dai ita ba a ganinta domin a hankali take zuwa.

Ga gaskiyar lissafin. Mutumin da ke riƙe da katuna biyu mabambanta, kusan sau 2 cikin 3 buɗin farko ba ya ba shi ko tagwaye. Samun tagwaye biyu da katunansa duka biyun kashi 2 ne cikin 100. Mai katuna biyu 'yan dangi ɗaya, cikar danginsa a buɗin farko ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Mai kwanto bai fi kowa samun kati mai kyau ba. Idan ya wuce, mafi yawan lokaci ba shi da komai ne, kamar kowa.

Koyi ƙirga hanyoyin da hannu ke haɗuwa. A ce kana riƙe da A-K, buɗin farko ya zo K-7-2, dangi daban-daban. Bakwai uku suka rage, don haka 7-7 hanya 3 take haɗuwa. 2-2 ma hanya 3. K-K hanya 1 tak, domin ɗaya yana hannunka ɗaya yana tsakiya. Jimilla hanya 7 ke nan ta 'yan uku. Yanzu ƙirga waɗanda ka fi: K-Q hanya 8, K-J hanya 8, K-10 hanya 8. Ashirin da huɗu ke nan, ba a ma sa 8-8, 9-9, 10-10 da A-7 ba, waɗanda duk za su bi zubi ɗaya. To me zai hana ka zubawa? Zuba. Bin da ya yi a buɗin farko bai gaya maka komai ba tukuna.

Abu biyu ne ke sauya wannan ƙirga. Idan mutum huɗu ko biyar ne a cikin hannun, yiwuwar wani yana kwance ta ƙaru sosai, tagwaye ɗaya kuma darajarsa ta ragu. Sannan ka dubi yanayin katunan tsakiya. Masu kwanto sun fi kwanciya idan katunan a warwatse suke, irin K-7-2, domin babu abin da suke tsoro ya zo. Idan katunan masu haɗin kai ne, irin 9-8-7 da biyu dangi ɗaya, har mai kwanton yakan ɗaga da wuri don kada a riske shi. Saboda haka bin da aka yi maka shiru a kan katuna warwatsattsu ya fi bukatar lura, tun da babu jere ko dangin da mutum zai ce yana jira.

Kati na huɗu, inda ake yanke hukunci

Bari mu bi hannu ɗaya tiryan-tiryan. Zubin dole 5 da 10, kowa yana da maki 1,000. Kana kujerar mai rabo da A-K, ka ɗaga zuwa 30. Mai ƙaramin zubi ya kife, mai kwanto da ke kan babban zubi ya bi. Tuli ya zama 65. Buɗin farko K-7-2. Ya wuce, ka zuba 30, ya bi. Tuli 125. Kati na huɗu 9. Ya sake wucewa, ka zuba 80. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ɗaga zuwa 240.

Yanzu tuli 445 ne, kana bukatar 160 ka bi. Raba 160 da jimillar abin da tulin zai zama, wato 605, za ka samu kusan kashi 26 cikin 100. Ma'ana sai idan kana cin wannan hannu fiye da sau 1 cikin 4 ne bin zai yi amfani. Da wane kati mutumin da ka riga ka tabbatar mai kwanto ne zai wuce sau biyu sannan ya ɗaga? 7-7, 2-2, 9-9, K-9, wataƙila K-7. Idan 7-7 ce, babu katin da zai cece ka a cikin kwalin nan gaba ɗaya: A ta zo, tagwaye biyu gare ka, 'yan ukunsa sun fi, K ya zo, ka samu 'yan uku, shi kuma ya samu 'yan uku haɗe da tagwaye. Idan K-9 ce, A uku kawai suka rage maka cikin katuna 44, wajen kashi 7 cikin 100. K-Q da K-J da ka ƙirga ɗazu fa? Waɗannan bi suke yi, ba sa ɗagawa a hannun irin wannan mutum. Ɗagawar ta share su daga lissafi.

Kuma 160 ɗin ba shi ne farashin gaskiya ba. Idan ka bi, maki 700 suka rage maka, tuli 605, a kati na biyar kuma duka zai tura. Tambayar da ke gabanka ita ce ko za ka sa maki 1,000 a kan tagwaye ɗaya.

Wani ƙanena da muke bugawa tare a Kawo ya taɓa tsayar da ni a daidai nan.

"Yaya, wai A-K ɗin zan kife? Ai ni ke da sarki da babban ɗan rakiya."

Na ce masa, "Ƙwarai kuwa. Tun da muke zama da shi, ka taɓa ganin ya ɗaga a na huɗu, aka buɗe, aka ga ba shi da komai?"

Ya yi shiru yana tunani, ya ce bai taɓa gani ba. To amsar ke nan. Zubin 80 ɗin daidai ne, domin hannaye da yawa da ka fi za su biya shi. Kifewa bayan ɗagawar ita ma daidai ce. Abin da ake so shi ne tun kafin ka tura 80 ɗin ka riga ka yanke a ranka cewa idan ya ɗaga za ka fita. Wanda bai yanke tun farko ba, zuciya ce za ta yanke masa.

Idan kuma hannunka bai kai A-K ba, a ce K-J ne ko K-10, to a kati na huɗu wuce kawai bayan ya wuce. Tuli ya tsaya a 125. Kati na biyar ya zo 4, ya zuba 80. Ka bi: 80 a kan jimillar 285, kashi 28 cikin 100 kake bukata, kuma kana da shi, domin wucewar da ka yi takan sa ya zuba da K-10, da 10-10, har da burga. Idan 'yan uku ne da shi, duk abin da ya ci a wajenka 140 ne, maimakon 1,000 da ya kwanta yana jira. Gaskiya ne wani lokaci wannan wucewa tana rage maka abin da za ka ci, amma a gaban mai kwanto ragin kaɗan ne idan aka gwada da abin da take tsare maka.

Duk wannan idan maki da yawa ne a gabanku. Idan tuli 65 ne kuma 120 kawai suka rage maka, babu zancen kife A-K a kan K-7-2. Tura, duk abin da ya zo shi ke nan.

Karɓi katin kyauta

Babban raunin kwanto shi ne yana ba abokin wasa damar ganin kati ba da biya ba. Yi amfani da wannan. A ce kana da katuna huɗu 'yan dangi ɗaya bayan buɗin farko. Katuna 9 ne za su cika maka: kashi 19 cikin 100 a kati na huɗu, kusan kashi 35 idan za ka ga na huɗu da na biyar duka. Mai jiran jere ta gefe biyu yana da katuna 8, kusan kashi 31 da rabi idan zai ga biyun. A gaban ɗan wasa na yau da kullum, zubawa da irin wannan hannu dabara ce mai kyau. A gaban mai kwanto kuwa, idan ya wuce kuma kai ne na ƙarshe, sau da yawa gara ka wuce. Idan ka zuba ya ɗaga da ƙarfi, ya kore ka daga hannun da kake da kashi ɗaya cikin uku a ciki. Idan ka wuce dangin ya cika, shi ne zai rasa yadda zai yi da 'yan ukunsa, kuma irinsu ba sa iya kifewa bayan sun daɗe suna jira.

Sai dai ka sa ido ga abu ɗaya. Mai 'yan uku a buɗin farko yana kai wa ga abin da ya fi dangi kusan sau 1 cikin 3 kafin ƙarshen hannu, kuma hakan na faruwa ne idan katunan tsakiya suka yi tagwaye. Idan danginka ya cika amma akwai 7-7 ko 9-9 a tsakiya, ya kuma ɗaga maka, bi kawai, kada ka sake ɗagawa.

Abin da jiki ke faɗa

Wanda yake so ka zuba, rauni zai nuna maka. Akwai wani tela da ke zuwa majalisarmu daga Tudun Wada. Idan buɗin farko ya yi masa daidai, idonsa yakan sauka kan makinsa na ɗan daƙiƙa, sai ya ɗauke kai ya kalli titi kamar wasan ya fita ransa. Ka zuba, sai ya yi tsaki, ya sosa ƙeya, ya ce, "Kai, Malam, ka matsa mini yau. To bari dai in bi ka." Sannan ya tura murfin kwalbar ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Lumbu-lumbu ke nan, wutar ƙaiƙayi. Ranar da ba shi da komai kuwa ba ya cewa uffan, kifewa kawai yake yi ya ɗauki kofin shayinsa.

Tsaki, ajiyar zuciya, ɗaga kafaɗa, kallon gefe, dogon jawabi kafin a bi ko a ɗaga, duk alamun ƙarfi ne a wajen mafi yawan mutane. Rawar hannu lokacin tura maki ma haka, galibi murna ce ba tsoro ba. Amma ka ɗauki waɗannan a matsayin ƙarin shaida bayan tsarin zubin mutum, kada su zama su ne hujjarka ta farko.

A waya babu fuska, sai lokaci da girman zubi. Dogon jinkiri sannan a ɗaga, ko ɗagawa mafi ƙanƙanta a kati na huɗu, sukan nuna hannu mai ƙarfi. Jinkirin kaɗai kada ka dogara da shi, domin mu nan mun san yadda sabis ke ɗaukewa, mai jinkirin wataƙila intanet ɗinsa ce ke wahala.

Kati na biyar

A 1988, a gasar poka ta duniya a Las Begas ta Amurka, mutum biyu suka rage: Johnny Chan, wanda ya ci gasar a 1987, da wani matashi, Erik Seidel. Chan yana da J-9, Seidel yana da Q-7. Buɗin farko ya zo da Q, 10 da 8, wato jeren Chan ya cika tun nan, babu hannun da ya fi shi. Seidel ya ɗaga, Chan ya bi kawai. A kati na huɗu dukansu suka wuce. A na biyar Seidel ya tura duka da tagwayen Q, Chan ya bi, gasa ta ƙare. Seidel daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan duniya, don haka ba ƙaramin ɗan wasa kaɗai ake kamawa da kwanto ba.

Abin ɗauka a hannun nan tambaya ce guda da za ka yi wa kanka kafin kowane zubi a kati na biyar: wane hannu da bai kai nawa ba ne zai bi ni? Idan za ka iya lissafa su, K-Q, K-J, 10-10, to zuba, amma daidai abin da za su iya biya, kamar rabin tuli ko ƙasa da haka. Idan ba ka iya kawo ko ɗaya ba, wuce. Babban zubi da tagwaye ɗaya mai raunin ɗan rakiya, wato ɗaya katin hannunka ƙarami ne, wanda ya fi ka ne kaɗai zai bi shi.

Idan shi ne ya zuba, ga abin da kake bukata kafin ka bi: rabin tuli, kashi 25 cikin 100, kashi biyu cikin uku na tuli, kusan 29, tuli guda, 33, ninki biyu, 40. Idan kuwa kai ka zuba ya ɗaga a na biyar, ka yarda da shi. Tagwaye ɗaya kifewa ce, tagwaye biyu ma sau da yawa haka.

Inda ake cinsa

Kare kai kaɗai ba ya tara maki. Tun da yana ɓoye manyan hannayensa, to idan ka ga shi ya fara zubawa da kansa a buɗin farko, mafi yawa matsakaicin hannu ne yake so ya kare, ko gwaji yake yi. Nan ne wurin ɗagawa. Sannan tun da ya saba wucewa da komai, ƙaramin zubi a buɗin farko yana kwashe tuli sau da yawa. Zubin kashi ɗaya cikin uku na tuli, ko sau 1 cikin 4 ya kife ka mayar da abinka, shi kuwa kusan sau 2 cikin 3 bai samu komai ba. Amma harbi ɗaya ne. Idan ya bi kuma ba ka da komai, burga ta ƙare, kada ka sake a na huɗu.

Ranar da kai ne ke da babban hannu kuma, kada ka kwaikwaye shi. Zuba tun buɗin farko, ka ƙara a na huɗu. Idan yana kwance da tagwaye biyu kai kuma kana da 'yan uku, shi da kansa zai ɗaga ya kawo maka sauran.

Idan an kama ka, kuma za a kama ka wani lokaci komai iyawarka, kada ka shiga hannu na gaba don ramuwa. Tashi ka sha ruwa, hannu biyu ko uku su wuce.

Idan ya sauya salo

Mai hankali a cikinsu zai lura kana kifewa duk lokacin da ya ɗaga a na huɗu, sai ya fara ɗagawa ba da komai ba. Don ka jinkirta wannan, kada ka taɓa nuna katin da ka kife. Idan ya ga ka kife A-K a fili, ka koya masa yadda zai yi da kai.

Alamar sauyin ita ce yawa. Wanda a da sau ɗaya yake ɗagawa a dare, yanzu ya yi maka sau uku cikin awa guda, kuma kai kaɗai yake yi wa. Kati mai ƙarfi ba ya zuwa da wannan yawan. To sai ka zaɓi mafi kyawun hannayen da kake kifewa a da, A-K a kan sarki ko tagwaye biyu, ka bi da su har ƙarshe, musamman idan katunan tsakiya suna da jere ko dangin da zai iya zama yana jira. K-J da K-10 su ci gaba da wucewa a na huɗu kamar yadda aka saba. Idan aka buɗe ka ga burga ce, ci gaba da bi da waɗannan hannaye. Idan ka ga 'yan uku ne sau biyu a jere, bai sauya komai ba, katin ne ya yi ta zuwa masa a daren, sai ka koma kifewa.